Biro da Fensir: Yadda Za a Koya wa Yaro Sanin Ƙasarsa, Daga Unguwarsu a Kebbi Har Zuwa Abuja

A duk lokacin da aka sanar da gasar kacici-kacici tsakanin makarantu, abin da yawancinmu malamai muka saba yi shi ne mu nemo ƙaramin littafin nan na al'amuran yau da kullum da ake sayarwa a tasha, mu zaɓi yara uku masu kaifin hadda, mu tsare su bayan an tashi, su yi ta bitar sunayen ministoci da manyan biranen jihohi har ranar gasa ta zo. Na yi shekaru a kan wannan hanya a wata makaranta da ke ƙasar Argungu, kuma abin da ya raba ni da ita shi ne wata yarinya 'yar aji shida, wadda ta jero mini jihohi 36 da manyan biranensu ba tare da ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, amma da na tambaye ta sunan mazaɓar da gidansu yake, da kuma wanda ya kamata mahaifinta ya kai wa kuka idan famfon unguwarsu ya lalace, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Abin da aka ba ta shi ta riƙe, kuma ta riƙe shi da kyau. Mu ne muka fara mata gini daga rufi.

Wannan bayani na malaman firamare da na ƙaramar sakandare ne, da iyaye, da yayyen da ke zama da ƙannensu bayan sallar isha'i domin bitar karatu. Ba ya bukatar kwamfuta ko intanet. Abin da ake nema shi ne littafin rubutu guda mai kauri ga kowane yaro, da biro, da fensir mai magogi, da igiya, da rediyo ko da ta cikin waya ce.

Raba abin da ya zauna da abin da ke canzawa

Aikin farko shi ne a raba littafin yaro gida biyu. Daga gaba zai riƙa rubutu da biro, kuma nan ne mazaunin abubuwan da suka riga suka faru, waɗanda babu mai iya canza su: cewa Najeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, cewa ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoba 1963, cewa an ƙirƙiri Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Daga baya kuma, idan ya juya littafin, zai riƙa rubutu da fensir, kuma nan ne mazaunin sunan shugaban ƙasa, da gwamna, da shugaban ƙaramar hukuma, da kansila, da farashin buhun shinkafa, da duk wani abu da gobe zai iya zama daban. Sharaɗi guda ne a wannan ɓangare, kuma kada a yi sassauci a kansa: duk abin da aka rubuta da fensir sai an sa ranar da aka rubuta shi a gefe.

Dalilin wannan rabo yana cikin littattafan da muke saya a kasuwa. Da yawa daga cikinsu an buga su ne shekaru da suka wuce, ana sake musu bango kawai, kuma yaro ba shi da hanyar gane wane layi ne ya tsufa. Littafin da aka buga kafin 2018 zai ce Ranar Dimokuraɗiyya ita ce 29 ga Mayu, alhali an mayar da ita 12 ga Yuni domin tunawa da zaɓen 1993 da aka soke. Wanda aka buga kafin ƙarshen Mayun 2024 yana ɗauke da taken ƙasa da aka fara rerawa a 1978, alhali an dawo da wanda aka karɓi 'yancin kai da shi. Haka nan zai ce ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, tana da ƙasashe 15, alhali Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa a Janairun 2025, suka bar 12. Yaron da ya saba tambayar kansa, wannan na biro ne ko na fensir, ya riga ya sami rabin abin da ake kira ilimin al'amuran yau da kullum, domin ya fahimci cewa wasu amsoshi suna da wa'adi kamar magani.

Matakala biyu daga ƙofar gida

Bayan an shirya littafin, kada a tsallaka zuwa Abuja. A sa yaro ya zana matakala biyu a shafi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ya rubuta sunan unguwarsu a ƙasan kowace.

Ta farko ita ce ta waɗanda ake zaɓa. Matakinta na ƙasa shi ne mazaɓa da kansilanta, kuma a Kebbi muna da mazaɓu 225. A samanta akwai ƙaramar hukuma da shugabanta, ɗaya daga cikin 21 da ke jihar, kuma ɗaya daga cikin 774 da ke ƙasar baki ɗaya. Sai jiha, da gwamna da majalisar dokoki mai mambobi 24 da ke zama a Birnin Kebbi. Sai tarayya, inda Kebbi ke da 'yan majalisar wakilai 8 cikin 360, da sanatoci 3 cikin 109. A nan akwai ɗan lissafi da yara ke jin daɗinsa, kuma gara a bar su su gano shi da kansu: jiha 36 sau sanata 3 ya ba da 108, to ina ɗayan ya fito? Idan suka yi ta laluben amsa har wani ya tuna da Babban Birnin Tarayya, ba za su sake mantawa ba. Haka kuma a nuna musu dalilin da ya sa kowace jiha ke da sanatoci daidai da 'yar'uwarta, amma kujerun majalisar wakilai ana raba su ne gwargwadon yawan jama'a, shi ya sa Argungu da Augie suka haɗu a kan ɗan majalisa guda, Yauri da Shanga da Ngaski ma haka.

Matakala ta biyu ita ce ta sarauta: mai unguwa, hakimi, uban ƙasa, sarki. Yana da kyau a faɗa wa yara cewa a Kano wanda muke kira uban ƙasa shi ne hakimi, wanda muke kira hakimi kuma shi ne dagaci, domin littattafan Hausa da yawa da Kananci aka rubuta su, kuma wannan yakan rikita su. A saman wannan matakala Kebbi tana da masarautu 4: Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru. A ja hankalinsu ga cewa fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi take, kuma sarkin da ke Argungu shi ake kira Sarkin Kabi. Wannan abin mamaki ne ga yaro mai lura, kuma amsarsa tana cikin darasin tarihi da zai biyo baya.

Da zarar matakalan nan biyu sun tsaya, sai a shiga atisayen da na fi ganin amfaninsa, wanda nake kira “wa za a kai wa kuka”. Malami ya kawo matsala daga rayuwar garin, yara su nuna matakin da ke da alhakinta. Bola ta cika a bakin kasuwa: wannan na ƙaramar hukuma ne, domin tsarin mulki ya ba ta kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara da maƙabartu. Rufin ajin firamare ya yaye: ƙaramar hukuma da jiha ne ke da hannu a ciki. Ana son fasfo domin aikin hajji, ko ana maganar sojoji, ko buga kuɗi, ko tsaron iyakar Kamba: waɗannan na tarayya ne kaɗai. Maƙwabta biyu sun saɓa a kan iyakar gona: yawanci wurin mai unguwa ko hakimi za a fara domin sulhu, idan abin ya ƙi sai kotu. Amfanin wannan atisaye ya wuce jarrabawa. Manya da yawa suna ɗora wa shugaban ƙasa laifin kwatar da ta toshe a ƙofar gidansu, sannan su bar wanda ke da alhakin gyaranta yana wucewa ta gabansu kullum ba su ce masa komai ba. Ga manyan ɗalibai ana iya ƙarawa da hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, sannan a bar musu aikin gida su tambayi wani babba a gida abin da ya gani ya canza tun daga lokacin.

Tarihi a kan igiya

Yaro ba ya jin tsawon shekaru a jikinsa. A wurinsa 1804 da 1960 duk “da can” ne. Maganin wannan shi ne a ɗaura igiya daga wannan bangon aji zuwa wancan, a ƙayyade cewa kowane taƙi ɗaya na hannun malami shekaru 10 ne, sannan a riƙa rataya ƙananan takardu a wurin da ya dace da kowace shekara. Kada a rataye su duka a rana ɗaya. Takarda biyu ko uku a mako sun isa, kowace da labarinta.

A farkon igiya za a rataye Muhammadu Kanta, wanda a farkon ƙarni na 16 ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na daular Songhai, ya kafa daular Kabi mai hedikwata a Surame. Kufan Surame a yau yana cikin Jihar Sakkwato, kuma wannan kansa darasi ne, domin yana nuna wa yaro cewa iyakokin jihohi jiya-jiya aka shata su, tarihin mutane kuwa ya girme su nesa. Daga nan akwai fili mai tsawo a kan igiya kafin a iso 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, aka gwabza a Tabkin Kwatto. A 1805 rundunar ƙanensa Malam Abdullahi ta ci Birnin Kebbi, a 1808 Alkalawa ta faɗi, a 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato. Malam Abdullahi shi ya riƙe yammacin daular daga Gwandu, inda hubbarensa yake har yau, Kabawan da ba su miƙa wuya ba kuma suka kafa sabuwar hedikwata a Argungu. Ga amsar tambayar nan ta fadar Sarkin Gwandu da laƙabin Sarkin Kabi.

A wannan gaɓa malami yana bukatar natsuwa da adalci, domin a aji ɗaya akwai jikokin ɓangarorin biyu. Gaskiya ce cewa an shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana yaƙi tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato, kuma ɓoye wannan ba ya amfanar kowa, tunda yara suna jin sa a kirari da bakin kakanni. Abin da ya kamata shi ne a kai labarin har ƙarshensa, wato 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifi domin girmamawa, wanda shi ne asalin bikin da ake yi a Matan Fada, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Yaron da ya san wannan, idan ya ga dubban masunta sun ruga cikin ruwa da homa da gora, ya san cewa bikin sulhu yake kallo. Makarantar da ke da hali ta kai yara gidan tarihin Kanta da ke Argungu, wanda tsohuwar fada ce, su ga makamai da kayan sarauta da idonsu. Wadda ke kudancin jihar kuma tana da bikin Uhola na ƙasar Zuru da Rigata na Yauri, kuma kowannensu ƙofa ce ta shiga tarihin mutanen wurin. Kuskure ne a koyar da tarihin Kebbi kamar Hausawa da Fulani ne kaɗai a cikinta, alhali akwai Dakarkari, da Kambari, da Gungawa, da Zabarmawa, da Dandawa, da Dukkawa, da Fakkawa.

Takardun da ke biye sun fi matsuwa da juna. A Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Ranar 1 ga Janairu 1914 Lugga ya haɗe Arewa da Kudu. A 1960 aka sami 'yanci, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana firayim minista, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato yana firimiyan Arewa. Ranar 15 ga Janairu 1966 aka yi juyin mulkin farko, aka kashe su duka biyun tare da wasu shugabanni da manyan hafsoshi. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 aka yi yaƙin basasa. A 1979 Shehu Shagari ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, sojoji suka kifar da shi a ranar ƙarshe ta 1983. A Disamban 1991 aka mayar da babban birni daga Legas zuwa Abuja. Ranar 29 ga Mayu 1999 aka koma mulkin farar hula, wanda ake kai har yau.

Ƙirƙirar jihohi ita ce ta fi ba yara wahala, saboda lambobi ne birjik: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Hanyar da na ga ta fi zama a zuciyarsu ita ce ta kakan da bai taɓa ƙaura ba. A ce musu su ɗauki dattijon da aka haifa a Jega a 1955, wanda har yau yana cikin gidan da aka yanke masa cibiya. An haife shi a Lardin Sakkwato na Jihar Arewa. Yana ɗan shekara 12 Janar Yakubu Gowon ya mayar da shi ɗan Jihar Arewa maso Yamma. Yana da 21 Janar Murtala Muhammed ya mayar da shi ɗan Jihar Sakkwato. Yana da 36 ya wayi gari ɗan Jihar Kebbi, kuma bayan shekaru 5 ya ji an cire Zamfara ita ma daga Sakkwato a zamanin Janar Sani Abacha. Daga nan sai a tura kowane yaro ya zauna da wani tsoho ko tsohuwa a gidansu, ya gaishe su yadda ya kamata, ya tambaye su abu uku: me suka tuna game da ranar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, ina suke lokacin da aka sanar da kisan Murtala a Fabrairun 1976, kuma yaya garin ya kasance ranar da aka ba da Jihar Kebbi. Yaran ƙasar Yauri su ƙara da tambayar yadda ruwan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ya tashi garuruwa da ƙauyukan tsibirai. Na taɓa ganin yaro ya dawo da shafi biyu cike da maganar kakarsa, har da tsohon kwabo mai huda a tsakiya da ta kwance daga ƙullin zanenta ta ba shi aro, kuma ranar ajin gaba ɗaya ya taru a kan wannan ɗan ƙarfe.

Kuɗin da ke aljihu ma littafin tarihi ne. A kan naira 5 akwai Tafawa Ɓalewa, a kan 10 Alvan Ikoku, a kan 20 Murtala Muhammed, a bayanta kuma Ladi Kwali mai ginin tukwane, a kan 100 Obafemi Awolowo, a kan 200 Sardauna, a kan 500 Nnamdi Azikiwe, a kan 1000 kuma Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, waɗanda suka shugabanci Babban Bankin Najeriya. A jera su a kan tebur, a ba kowane rukuni na yara takarda ɗaya, su gano daga wane yanki mutumin ya fito da abin da ya yi. A kan takardar za su ga tambarin ƙasa, kuma layin nan mai rassa biyu da ke tsakiyar baƙar garkuwa yana nufin haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai. A tuna musu cewa ta Jihar Kebbi kogin Kwara ke shigowa Najeriya, ya karɓi ruwan Gulbin Kabi, ya gangara Yauri.

Haƙƙi da nauyi, a aikace

Kundin tsarin mulki na 1999 littafi ne babba, kuma ba a bukatar yaro ya haddace shi. Wurare uku sun ishe shi. Sashe na 14 ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Babi na 4, wanda ya fara daga sashe na 33, ya jero haƙƙoƙin ɗan Adam: haƙƙin rayuwa, da mutunci, da walwala, da a saurare ka kafin a yanke maka hukunci, da 'yancin addini, da faɗin albarkacin baki, da taro, da zirga-zirga, da kariya daga wariya. Sashe na 24 kuma ya jero nauyin da ke kan ɗan ƙasa, kamar bin doka, da girmama tuta da taken ƙasa, da mutunta haƙƙin sauran mutane, da taimaka wa hukuma wajen tabbatar da zaman lafiya, da biyan haraji. A koyar da haƙƙi da nauyi tare, a shafi ɗaya, kada a raba musu mako. Kuma a haɗa su da abin da yaro ya riga ya sani daga gida da makarantar allo game da amana, da haƙƙin maƙwabci, da shawara, domin malaman wannan ƙasa, ciki har da Malam Abdullahi na Gwandu, sun yi rubuce-rubuce a kan adalcin shugaba tun kafin Turawa su zo.

Zaɓe kuwa yin sa ake yi, ba a karanta shi kawai. Maimakon malami ya naɗa monita, a shirya zaɓen aji bisa tsarin na gaske. A kafa hukumar zaɓe ta yara uku waɗanda ba za su tsaya takara ba kuma ba za su yi wa kowa kamfe ba. A rubuta rajista, a manna ta a bango kwana biyu domin wanda aka tsallake ya yi ƙorafi. Kowane ɗan takara ya yi magana na minti biyu a kan abin da zai yi game da shara, da alli, da layin shan ruwa. A yanka takardun ƙuri'a daidai adadin waɗanda ke cikin rajista, a keɓe kusurwar da babu mai leƙen wani, a nuna akwati fanko kafin a fara, a ƙirga a gaban kowa da murya, wakilan 'yan takara su sa hannu. Wanda aka kama yana raba alewa domin a zaɓe shi a soke takararsa, a kuma bayyana wa aji dalili. Bayan an gama ne za a faɗa musu cewa shekarun jefa ƙuri'a 18 ne, cewa hukumar INEC ke shirya zaɓen tarayya da na jiha, hukumar zaɓe ta jiha kuma ke shirya na ƙananan hukumomi, cewa wa'adin shugaban ƙasa da gwamna shekaru 4 ne kuma ba a wuce biyu, sannan tun 2018 ɗan shekara 25 yana iya neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai. Irin wannan wasa ana iya yin sa domin nuna yadda ƙudiri ke zama doka, daga karatun farko da na biyu, zuwa kwamiti, zuwa karatu na uku, zuwa sa hannun shugaba, da kuma yadda kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa ke iya tabbatar da doka idan ya ƙi sa hannu.

Minti goma sha biyar na labarai

Kowace safiyar Litinin a ware minti 15. Yara uku, bisa karɓa-karɓa, kowa ya kawo labari ɗaya da ya ji a rediyo a ƙarshen mako: ɗaya na jiha, ɗaya na ƙasa, ɗaya na waje. Kowannensu ya amsa tambayoyi huɗu: me ya faru, a ina, yaushe, kuma a wace kafa ka ji. Tambaya ta huɗu ita ce mai nauyi. Idan yaro ya ce a saƙon murya na WhatsApp ya ji a wayar yayansa, kada a yi masa dariya, amma kada a rubuta labarin a littafi sai an ji shi a kafa biyu da aka sani, kamar gidan rediyon jiha, ko Rediyon Najeriya Kaduna, ko sashen Hausa na BBC ko DW. A koya musu su tambayi hoto ko bidiyo shekarunsa, domin yawancin ƙaryar da ke yawo tsohon abu ne aka yi wa sabon suna.

Sannan a ɗaura kowane labari a jikin garin. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka yi shi, amma rufe iyaka da ya biyo baya har zuwa Maris 2024 a Kamba aka ji zafinsa, inda kasuwa da zumunci suka ratsa ƙasashen biyu. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya isa har gindin injin ban ruwa na manomin rani a fadama, kuma ɗan manomi yana iya yi wa aji bayanin yadda kuɗin mai ke shiga farashin shinkafa da albasar Aliero fiye da yadda littafi zai yi.

Akwai labaran da ke da ciwo. Yaran Zuru da Danko da Sakaba da Yauri sun san 'yan bindiga ba a rediyo ba, kuma ba wanda ya manta da sace ɗalibai a Birnin Yauri a Yunin 2021. Idan yaro ya ɗago maganar, kada a kore ta, kada kuma a shiga siffanta abin da zai hana shi barci. A faɗa masa gaskiya gwargwadon shekarunsa, a mayar da shi ga sashe na 14 domin ya san cewa tsaro haƙƙinsa ne a kan gwamnati, a nuna masa wanda zai sanar idan ya ga abin da bai yarda da shi ba, kuma a tsawata da gaske idan wani ya jingina laifin ga ƙabila sukutum, domin mai yiwuwa ɗan wannan ƙabila yana zaune a benci ɗaya da shi, kuma iyayensa ma an kore musu shanu. Haka nan malami ya ajiye jam'iyyarsa a ƙofar aji. Gwamnonin farar hula tun 1999, wato Adamu Aliero, da Sa'idu Ɗakingari, da Atiku Bagudu, da Nasir Idris wanda ya karɓi mulki a 2023, a koyar da sunayensu da shekarunsu, a bar hukunci a kan ayyukansu ga abin da yaro zai iya gani da idonsa ko ya tabbatar.

Idan gasa ta matso

Yaran da suka bi wannan hanya tsawon zango biyu ba sa bukatar a tsare su a ofis. Mako biyu kafin gasa, a juya littafi zuwa ɓangaren fensir, a bi layi ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ranarsa ta wuce wata uku a sake tabbatar da shi, wanda ya canza a goge a rubuta sabo da sabuwar rana. A raba aji gida biyu su riƙa yi wa juna tambayoyi, kuma a ba wanda ya tsara tambaya mai kyau maki daidai da wanda ya amsa. Idan da Turanci za a yi gasar, a fara tabbatar da cewa yaro ya iya bayanin abin da Hausa, sannan a ɗora masa kalmar Turancin, domin wanda ya san ma'anar majalisar dattawa ba zai sha wahalar riƙe sunanta da wani harshe ba. Wajen zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta, a yi gwaji a bainar aji, mata da maza, kada a tsaya ga waɗanda suka fi ɗaga hannu.

A ranar ƙarshe ta zango kada a karɓe littattafan. Kowane yaro ya tafi da nasa gida, da aikin hutu guda biyu: ya nemo takardar haihuwarsa ya duba wace hukuma ce ta ba da ita da abin da aka rubuta a gurbin ƙaramar hukuma, idan kuma ba shi da ita ya tambayi iyayensa inda ake yin rajistar a garinsu. Na biyu, ya zana wa ƙanensa ko wani yaron unguwa da ba ya zuwa makarantar boko matakalan nan biyu a ƙasa da tsinke, ya dawo ya faɗa wa aji tambayar da yaron ya yi masa wadda ya kasa amsawa. Da waɗannan tambayoyin za a buɗe darasin farko na sabon zango.